Sawakin: Zangon Ƙarshe Kafin Jidda

 A filin tarihi na wannan mako za mu bar tudu mu gangara bakin teku. Mutumin Yawunde in aka ce masa bakin teku, Kiribi ce ke faɗo masa a rai: yashi, gasasshen kifi, da ruwan Lobe mai zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku. To yau ba can muka nufa ba. Gabas za mu yi, har ƙasar Sudan, mu tsaya a wani ɗan gari mai suna Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya.

Wanda ya shiga tsohon garin Sawakin yau, shiru zai tarar. Ga ruwa garai-garai, ga kwale-kwalen masunta a ɗaure, ga kyanwoyi suna yawo cikin kangaye. Gidajen da suka taɓa kai hawa uku sun zube sun zama tsibin duwatsu, abin da ke tsaye da ƙafarsa bai wuce masallatai biyu da 'yan gine-ginen da aka gyara ba. Amma fa duk gidan da aka taɓa yin kaka ko kakan kaka da ya je Makka da ƙafa, daga Kano ya tashi ko Garwa ko Ngaundere, da wuya a ce tsohon nan bai taka Sawakin ba. A nan ƙasa take ƙare wa mai tafiya. Daga nan sai ruwa, kusan kilomita 300, sannan Jidda.

Bari in kwatanta muku yadda wurin yake, don duk tarihinsa, arzikinsa da karayarsa, a cikin wannan siffa suke. Teku ce ta yi wani siririn mashigi ta shigo cikin ƙasa, kamar wuyan gora. A ƙarshen wuyan sai ruwan ya buɗe ya yi faɗi, a tsakiyarsa kuma ga wani ɗan tsibiri mai kewaye kamar faifai, wanda mutum zai zagaye shi da ƙafa bai gaji ba. A kan tsibirin nan attajirai da masu mulki suka gina gidajensu. A tudu kuwa, daura da shi, akwai unguwar da ake kira Gef, mazaunin makiyayan Beja masu raƙuma da awaki, da baƙi, da talakawa. Jirgin da ya shige wuyan goran nan ya tsira daga iska da igiyar ruwa, yana iya matsowa har gindin gidan mai kaya a sauke masa. A zamanin jiragen katako masu tafiya da iska, babu mashaya irin wannan a duk gaɓar.

Sunan garin ma akwai zance a kansa. Masu hikaya suna cewa daga kalmar Larabci ta kurkuku ya fito, wai a nan Annabi Sulaimanu yake tsare aljannu masu taurin kai, har yau wasu na kallon kyanwoyin garin da wani ido daban. Su kuwa Beja, a harshensu suna kiran wurin Usuk, wato kasuwa. Ni dai na fi karkata ga na makiyayan, don su ne suka san abin da ke kawo su.

Garin tsoho ne ƙwarai, marubutan Larabawa sun ambace shi tun ƙarni na 10. Matafiyin nan na Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya sauka a can wajen 1330, ya tarar da wani sharifi ɗan gidan sarautar Makka ne ke mulkinsa. Ya ce tsibirin babu ruwa, babu gona, babu itace, sai an ɗauko ruwan sha a kwale-kwale. Amma ya ga awaki da yawa, ya ga nono da man shanu, da wata irin dawa da ake lodawa a kai Makka. Kun ji ko? Tun shekara kusan 700 da suka wuce, guzurin Makka daga hannun makiyayi yake fitowa ta wannan ƙofa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wancan lokaci Sawakin ba ita ce babbar tashar alhazai ba. Akwai Aizab, can arewa wajen iyakar Masar, ita ke cin kasuwar. Da sarakunan Mamluk na Masar suka rushe Aizab wajen 1426, sai ciniki da alhazai suka gangaro kudu. Mutuwar wani, tashin wani. Turkawan Usmaniyya suka karɓi garin bayan sun ci Masar a 1517. A 1541 jiragen yaƙin Fotugal suka shigo mashigin, ɗaya daga cikin manyansu ya rubuta cewa cunkoson jirage da cinikin da ya gani sai dai a gwada da Lisbon, babban birninsu.

Yanzu mu zo kan namu. Mutanen gabas suna kiran duk baƙon da ya fito daga yamma Takari ko Fallata, Bahaushe ne shi, ko Bafulatani, ko Babarbare, duk ɗaya ne a wurinsu. Wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt, wanda ya yi shigar Larabawa ya bi ayari, ya iso Sawakin a 1814 tare da Takari masu niyyar hajji. Ya ƙiyasta mutanen garin kusan 8,000, kashi mafi yawa a Gef. Ya ba da labarin yadda Takarin nan ke tafiya: sanda, ƙwarya, allo, da buzun salla. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago, ko a yi rubutun sha da laya a samu na hatsi. Shi da kansa ya ƙetare zuwa Jidda a jirgin iska, tafiyar da ta ci fiye da mako guda, domin jiragen ba sa yanke teku kai tsaye, sai su bi gaɓa suna laɓe-laɓe cikin duwatsun ruwa, da dare su tsaya.

Hanyar kuwa, ga wanda ya tashi daga nan ƙasarmu, ku ƙirga zangunan da ni. Tun zamanin Jamus fatakenmu suka sauko Yawunde neman hauren giwa da roba da goro, ta Ngaundere da Tibati da Yoko, to mai niyya sai ya juya ya bi sawun da ya zo da shi. Daga Ngaundere sai Garwa, sai Marwa, sai Kuseri. A haye kogi a shiga Fort-Lamy, wadda ta koma Njamena a 1973. Daga nan Ati, Abeshe, Adare. A tsallaka iyaka a faɗa Jinaina, sai Fashir, sai Nuhud, sai Ubayyid. A haye Farin Nilu a Kosti, a kai Sinnar, Gadarif, Kasala, sannan a hau duwatsun Bahar Maliya a gangara Sawakin. A baki abin ba wuya. A ƙafa kuwa, da jaki da mata da yara, shekara biyu ce, uku ce, wani bakwai. Akwai wanda aka haifa a Abeshe, aka yaye shi a Fashir, ya yi wayo a Gadarif. Shi ya sa a da, mai tafiya hajji yakan raba gado, ya biya bashi, ya nemi gafarar kowa, wani har ya ba matarsa zaɓi, don ba a sa ran dawowarsa.

Hanyar ta cika maƙil bayan 1903. A watan Yuli na shekarar ne Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har gobe ake kira Mai Wurno, ana kuma jin Fulatanci da Hausa a cikinsa. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ga aikin da ke neman hannu. Maniyyaci ya tsaya tsinkar auduga don ya haɗa kuɗin jirgi, bana ta zama baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da jikokinsu ya rubuta littafi a kansu a 1995. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu a Sudan, su ma a can aka haife su, amma in ka tambaye su sai su ce maka su matafiya ne, suna kan hanyar Makka.

Akwai wani gefen labarin da ba a son faɗa a zaure, amma tarihi ba ya jin kunya. Sawakin tashar bayi ce. Burckhardt ya ƙiyasta ana fitar da bayi 2,000 zuwa 3,000 ta nan kowace shekara a zamaninsa. Jirgin da ya ɗauki alhaji shi ke ɗaukar bawa. Har bayan da Turawa suka hana, an ci gaba da yi a ɓoye, kuma Takari sun sha a ciki: wani a yaudare shi a hanya, wani a sace masa yaro, wani kuma shi ne mugun, ya taho da yaran mutane da sunan zai kai su hajji, ya sayar da su a ƙetare ya yi guzuri. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance. Duk uban da yau wani dillali ya zo masa da zancen zai kai 'yarsa aikatau Saudiyya ba takarda ba shaida, ya san cewa wannan zance ya girmi kakansa.

Zamanin da Sawakin ta fi yin ƙiba shi ne bayan 1865, da Turkawa suka miƙa ta ga Khedive Isma'il na Masar, sannan aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen Turai masu hayaƙi suka fara ratsa Bahar Maliya. Ayarin raƙuma ɗari-ɗari suke tashi zuwa Barbar a bakin Nilu da Kasala. Ana fitar da ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, fatu, riɗi da kofi, ana shigo da yadi, sukari, shinkafa da turare. Aka yi hanyar ƙasa ta haɗa tsibiri da tudu, aka gina gidan duwan, aka gina wani ƙaton masaukin fatake na attajirin nan Shinnawi wajen 1881, wanda mutanen garin ke cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. Ginin duk da dutsen teku ake yi, wanda Larabawa ke kira murjan: a haƙo shi daga cikin ruwa, a sassaƙa, a jera, a shafe da farar ƙasa. Tagogin kuwa na katako ne masu zane, suna leƙowa kan titi, irin waɗanda alhazai ke gani a tsohon garin Jidda.

Cikin 'yan kasuwar akwai mutanen Jidda, da na Hadramaut, da Girkawa, da kuma Indiyawa mabiya addinin Hindu da ake kira Banyan, masu cinikin yadi. Tunda mun ambace su, bari mu ɗan leƙa ƙasarsu, domin su ma suna da garuruwan bakin teku da masu ziyarar ibada ke rayawa, kuma akwai abin lura a ciki.

A gaɓar yammacin Indiya, a jihar Karnataka, kudu da Goa, akwai wani ɗan gari mai suna Gokarna. Makiyaya ku saurara, ma'anar sunan a harshensu ita ce kunnen saniya. A imaninsu, abin bautarsu Shiba ya fito ne ta kunnen saniya a wannan wuri, wasu kuma suna cewa koguna biyun da suka sa garin a tsakiya ne suka yi masa siffar kunne. Akwai tsohon ɗakin ibada da suke kira Mahabaleshwar, yana fuskantar teku. Mai ziyara yakan fara yin wanka a tekun kafin ya shiga, wasu kuma suna zuwa ne don yi wa mamatansu addu'a irin tasu. Lokacin bikinsu na Shibaratri, wajen Fabrairu ko Maris, ɗan garin yakan cika ya batse, a ja wata ƙatuwar keken katako da igiya a bi titi da ita. In biki ya watse sai shiru ya dawo, sai Turawa masu yawon buɗe ido da suka gaji da hayaniyar Goa, suna kwance a yashin Kudle da Om. Da aka buɗe layin dogo na Konkan a 1998, ƙara wa garin baƙi ya yi.

To ga inda na nufa. Gokarna gari ne da ake zuwa dominsa. Abin da mai ziyara ke nema yana nan a cikin garin, ba a ɗauke shi a kai gaba. Duk sabuwar hanyar da aka yi, ƙafa take ƙara masa. Sawakin kuwa ba wanda ya taɓa barin gidansa a Marwa yana cewa na yi niyyar Sawakin. Zango ce. Ana son ta ne don abin da ke gaba da ita. Garin zango kuwa ransa yana hannun hanya, hanya kuma tana hannun wanda bai taɓa kwana a garin ba.

Yaƙi ne ya fara taɓa ta. Da Mahadi ya tashi a Sudan, babban kwamandansa na gabas shi ne Usman Digna, wanda shi kansa ɗan gidan 'yan kasuwar Sawakin ne. Ya tara Hadandawa, wani reshe na Beja, suka hana ayari fita. A 1884 aka gwabza a Teb da Tamai. A 1885 Ingila ta kawo sojoji har daga Indiya da Ostareliya, ta fara shimfiɗa dogo daga Sawakin zuwa Barbar, aka yi kusan kilomita 30 aka watsar. Kitchener, wanda daga baya ya ci Omdurman, ya yi gwamna a garin, ya kewaye shi da ganuwa, ƙofar da ya gina tana nan da sunansa, kuma a wani artabu da mutanen Usman Digna a 1888 aka harbe shi a muƙamuƙi. Garin bai faɗa hannun Mahadi ba, amma ya yi shekara goma sha wani abu a kulle, kasuwa ta yi sanyi. Usman Digna an kama shi a 1900, ya rasu a 1926.

Abin da yaƙi bai iya ba, injiniya ya gama shi da alƙalami. Da Turawa suka zauna daram, suka duba wuyan goran nan suka ce ya yi wa manyan jiragen ƙarfe ƙunci, ga duwatsun murjan suna ƙara tsuke shi, ga ƙarancin ruwan sha. Sai suka zaɓi wani wuri kimanin kilomita 60 a arewa, inda babu komai sai kabarin wani waliyyi, Shehu Bargut. A 1905 aka fara aiki, a 1909 aka buɗe sabuwar tasha, aka sa mata suna Bur Sudan. Dogo ya bi can, duwan ya bi can, banki da kamfanoni suka bi. Attajiran Sawakin sun yi ta turjiya, amma kaya ba ya jiran mai shi. Kafin ƙarshen shekarun 1920 yawancinsu sun kwashe. Shi kuwa dutsen murjan, in ba ana shafe shi a kai a kai ba, gishiri da laima suna cinye shi. Ba bom aka jefa wa gidajen Sawakin ba. Masu shafe ne suka tafi.

Mutumin Garwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manya sun san lokacin da jirage ke hawowa Binuwai da damina daga Najeriya, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki auduga da gyaɗa. Yaƙin Biyafara ya tsayar da su, dogo ya iso Ngaundere a 1974, aka yi dam ɗin Lagdo a 1982, tashar ta kwanta. Na Banki da Amshide da Fotokol kuwa nasu a gaban idonmu aka yi, a 2014, kasuwa tana ci aka wayi gari ba kowa. Kiribi ma ta ɗanɗana: a zamanin Jamus ita ce ƙofar roba da hauren giwa, Duwala ta ƙwace mata, sai da bututun man Cadi ya iso a 2003, babbar tashar jirage ta fara aiki a 2018, sannan aka sake jin ɗuriyarta a harkar kaya.

Abu ɗaya ya hana Sawakin mutuwa murus bayan 1909, shi ne alhazai. Gwamnati ba ta son dubban Takari su cika mata sabon gari, sai ta bar tashinsu da saukarsu a Sawakin, ta kafa musu karantina, wato sansanin da ake killace mutum a duba lafiyarsa. Dalili kuwa tsoro ne. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka ta kashe dubban alhazai, waɗanda suka tsira suka kai ta Masar, daga can ta shiga Turai. Tun daga nan ƙasashe suka riƙa ƙulla yarjejeniya a kan lafiyar alhazai, har da wadda aka sa wa hannu a Faris a 1926. Sai ya zama maniyyaci ba ya hawa jirgi sai da fasfo, da lambar agana, da allurar kwalara, da kuɗin tikitin zuwa da dawowa. In ya dawo kuma a sake tsare shi kwanaki kafin a sake shi.

Ta fuskar lafiya dokar tana da hujja, ba na musu. Amma ga talakan da ya yi shekara huɗu a hanya, kuɗin dawowar nan shi ne katangar da ta fi teku faɗi. Da yawa sai suka bi ta bayan gida. A yi ciniki da mai sambuk, wato jirgin katako, a tashi da dare daga wani lungun gaɓa inda ba jami'i, ko a gangara Massawa ta ƙasar Iritiriya inda Italiya ke mulki. Wasu sun isa. Wasu an sauke su a wani yashi aka ce musu ga Jidda can, ashe ko rabin tekun ba a yi ba. Wasu ruwa ya ci. Fatake kun san irin wannan lissafi, tsakanin biyan duwan da bin daji, sai dai a nan abin da ake kasadarsa ba buhun shinkafa ba ne.

Daga baya mota ta rage wahala. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da manyan motoci ta Maiduguri da Cadi zuwa inda dogon Sudan ya fara. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Sannan jirgin sama ya fara ɗiba daga Kano a shekarun 1950. Yau alhajin Briketeri yakan yi asuba a gida, ya hau jirgi a Nsimalen ko Duwala ko Garwa, kafin wata asubar yana Saudiyya. Yakan wuce ta saman Sawakin yana barci.

Ku tuna na ce ku riƙe zancen awakin Ibn Baɗuɗa. To dabba ce ta sake tada garin. A 1991 gwamnatin Sudan ta buɗe sabuwar tasha a bakin mashigin, ta sa mata sunan Usman Digna. Manyan jiragen fasinja suna tashi zuwa Jidda, tafiyar dare ɗaya, da alhazai da masu umara da 'yan ci-rani. Kuma ta nan ake fitar da tumaki da raƙuma da shanu. Ragunan Hamari da Kabbashi na Kurdufan, dogaye masu jelar nan har ƙasa, ana sayensu a kasuwannin Nuhud da Khuwai, a yi musu allura, a loda a kamiyo, a sake killace su a Sawakin, sannan su hau jirgi. In ka shiga kasuwar dabbobi a Jidda ko Riyad ka ji ana cewa Sawakini, to ragon Sudan ake nufi. Alhajinmu da ya biya kuɗin hadaya a banki, mai yiwuwa ragon da aka yanka masa a Mina ta wannan tasha ya bi. A ce jikan ya tafi ta sama, ragonsa ya bi sawun kakan.

Wannan ciniki ma a bakin wuƙa yake. Cutar zazzaɓin Rift, mai sa dabba ɓari tana kuma kama mutum, in ta ɓulla sai Saudiyya ta rufe ƙofa. Ta rufe a 2000, ta sake rufe wa Sudan a watan Oktoba na 2019. Ranar da aka rufe, rago yana tsaye a sansani yana cin abincin da ba a yi lissafinsa ba, farashi ya faɗi tun daga bakin teku har rugar da ke Kurdufan. Sannan ga haɗama. A watan Yuni na 2022 wani jirgi mai suna Badar 1 ya kife a cikin tashar Sawakin, ko fita bai yi ba. An yi shi don ɗaukar tumaki 9,000, aka ɗora masa 15,800. Ma'aikatan duk sun tsira. Tumakin da aka ceto ba su fi 700 ba. Masu loda shanu a tarago a Ngaundere, da masu cusa su a kamiyo har wani ya hau kan wani kafin a iso Etudi, wannan adadi naku ne ku juya shi a zuci.

Tsohon tsibirin kuwa, Turkawa sun waiwaye shi. Hukumarsu ta raya ƙasashe ta gyara masallatan nan biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da tsohon gidan duwan. A watan Disamba na 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci wurin tare da Umar al-Bashir, aka yi shelar za a ba Turkiyya ta sake gina garin, masu umara daga can su riƙa yada zango su ga tarihi kafin su ƙetare. Masar da Saudiyya ba su ji daɗin zancen ba, suna zargin sansanin soja ake nufi. Al-Bashir ya faɗi a 2019, maganar ta yi sanyi.

Bayan da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, a lokacin gwamnatin Sudan ta koma Bur Sudan da zama, gaɓar teku ta zama mafakar waɗanda suka gudo, jiragen Jidda kuma suna ta kai da kawowa. Ƙarshen hanyar yana nan a buɗe, tsakiyarta ce ta yanke. Jinaina da Fashir, inda kakanninmu ke sauke kaya su huta, kun ji abin da ya auku a cikinsu. A Adare yanzu ayarin daga gabas yake fitowa, mata da yara da jakuna, dubu bisa dubu, suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu a ƙasar Cadi. Cikinsu akwai masu jin Hausa, jikokin waɗanda suka tsaya haɗa kuɗin jirgi.

Allah ya ba Sudan lafiya. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.